Ƙungiyar Masu Manta Tabarau

Litinin, da rana, yara suna barci

Ba da hannu nake rubuta wannan ba. Magana nake yi, waya tana rubutawa, in na gama ta karanta mini in ji ko ta yi mini ƙarya. Ƙanwata Auta ce ta saita mini ita. Ta ce tunda na ƙi faɗa mata abin da ke cina, to in faɗa wa waya, ita ba ta da bakin kai magana gaba.

Ina zaune a ɗakin jarirai na gidan renon da nake aiki. Fanka tana juyawa a hankali, katifu a jere, ɗakin yana ƙamshin hoda da madara. A kan kantar ɗakin ga fidar shan madara ta kowane yaro. Madam, mai gidan renon, tana manna wa kowace fida takarda da sunan mai ita. Ni kuma ina ɗaura musu zare: ja, shuɗi, rawaya, kore. Madam tana cewa na cika son kwalliya. Ban taɓa musa mata ba.

Ba zan yi maganar Asabar ba.

Abin da zan faɗa shi ne an kawo sabuwar doka. Mai reno, direban haya, mai gyaran wuta, kowa sai da takardar shaida. Takardar kuma sai an ci jarrabawa, a rubuce, agogo yana tafiya. Sau biyu ake ba mutum dama. Yau da safe Madam ta tara mu ta ce duk wadda ba ta kawo takarda ba zuwa ƙarshen watan gobe, ba yadda za ta yi ta riƙe ta. Ta tambaye ni yadda Asabar ta kasance, na ce zazzaɓi ya dame ni a ɗakin jarrabawar.

Dama ɗaya ta rage mini.

Talata, da yamma

Mai koren zare ta fara rarrafe yau. A gabana ta yi, kafin uwarta ta gani.

Laraba, da safe

Direban da ke kawo mana wasu yaran a ƙaramar bas ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Shekara da shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya jira yaran suka shige, sannan ya rage murya.

"Anti, na gan ki ranar Asabar. Ina bayanki a layi na biyu. Ke ma tabarau kika manta?"

Gidan tabarau nake yawo da shi a jaka tun ina budurwa. Duk inda aka miƙo mini takarda, sai in buɗe shi, in yi tsaki, in ce, "Kash, na bar su a gida, ɗan karanta mini." Idanuna kuwa garau suke, ina zura zare a allura ba tare da na nemi haske ba.

Na ɗaure fuska na ce masa ban gane ba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya fito da gidan tabarau, ya buɗe a gabana. Wayam.

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Daga baya kuma na shiga banɗaki na daɗe.

Ya ce masu irin matsalarmu suna haɗuwa ranar Asabar da yamma a shagon wani kafinta, bayan tashar mota.

Asabar, bayan na dawo

Na je. Na ce wa kaina leƙawa kawai zan yi.

Shagon yana warin gam da sabon katako. Muka zauna a kan bencuna da ba a gama yi musu fenti ba, yanzu haka akwai shaida a bayan zanena. Mun kai goma sha wani abu. Kafinta, mai shagon, ƙaton mutum ne mai muryar da ke girgiza kwano. Ya ce, "Baƙuwa, barka da zuwa Ƙungiyar Masu Manta Tabarau. Sharaɗin shiga ɗaya ne, ki faɗa mana dabararki."

Kowa da tasa. Wani hannunsa ne kullum da bakin mai. Wata kanta ne ke ciwo duk ranar cike takarda. Kafinta ya ce shi faɗa yake tayarwa, kafin a gama rarrashinsa wani ya karanta. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ban taɓa zama a ɗakin da ba na tsaron bakina ba sai yau.

Akwai wata da suke kira Injiniya. Na ɗauka tsokana ce, ashe da gaske injiniya ce, da digirinta. Ta ce da kunne ta yi karatun, ƙawaye suna karantawa tana ɗauka a waya. Ita ce ta faɗi sunan abin: disleksiya. Ta ce ba daƙiƙanci ba ne, ba ciwon ido ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke wahalar haɗa harafi da sauti. Ni dai abin da na sani, in na kalli layi, haruffan suna musanya wuri kamar yara a sahu idan malami ya juya baya.

Ta ce ba a gama rufe ƙa'idojin dokar ba. Akwai kwamitin da ke dubawa, zai saurari jama'a sannan ya kaɗa ƙuri'a. In mun tashi tsaye yanzu, ana iya gyarawa kafin zagaye na biyu na jarrabawa.

Zagaye na biyu shi ne nawa.

Litinin, da rana

Ƙungiyar ba ta da littafin taro. Komai da saƙon murya ake yi. Wayata tun safe take kuka, rabi duk Kafinta ne yana zagin gwamnati.

Laraba, da yamma

An yi rigima yau a kan abin da za mu nema. Kafinta yana son a mayar da duk takardun hukuma murya, a kuma nemo malaman da suka zane mu a firamare su ba mu haƙuri. Direba yana son a soke jarrabawar baki ɗaya. Wata ta kawo maganar asibiti, wani ya kawo ta banki.

Injiniya ta bari aka gaji, sannan ta ce, "In muka je da buƙata goma, za su zaɓi mafi wuya su ce ba za ta yiwu ba, su sallame mu da sauran. Abu ɗaya za mu nema, mu kai musu shi a shirye, yadda aikinsu kawai su ce to."

Kafinta ya ce, "Wato mu je roƙo da ƙaramin kwano."

"Mu je da kwanon da za mu iya ɗaukowa, Kawu."

Na goyi bayanta. Ba don na fi su hankali ba, don ni ce agogo ke bi. Muka tsaya a kan wannan: duk wanda likita ya tabbatar yana da lalurar, a ba shi wanda zai karanta masa tambayoyi, ya amsa da baki. Tambayoyin su zama iri ɗaya da na kowa, ba ma neman rangwame.

Juma'a, da rana

Ni da Kafinta da Injiniya muka je ofishin kwamitin a lokacin hutuna. Doguwar baranda, kujerun ƙarfe masu sanyi, ƙofofi duk iri ɗaya. Sakatariyar ta saurare mu sosai, sannan ta ce, "To, sai ku kawo koken naku a rubuce."

Kafinta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matar ta dube mu, ta gane abin da ta faɗa, kunya ta kama ta. Daga nan ta ajiye biro ta yi mana bayani kamar 'yan'uwanta. Ta ce akwai ranar sauraron jama'a, mutum ɗaya ne zai yi magana da sunanmu. Ta ce mu nemi ƙungiyar direbobi da ta masu gyaran wuta su aiko da goyon baya, mu kuma samo likitan da ya san lalurar. Ta ce 'yan kwamiti ba mugaye ba ne, amma abin da suka gani da idonsu suke yarda da shi.

Na ji wannan maganar. Na ji ta da kunnena, sai dai ban riƙe ta ba.

Lahadi, da yamma

Mun baza neman mutane. Saƙonni sun yi ta shigowa, har daga waɗanda ba mu sani ba. Mai walda, mai kitso, wani tsohon ɗan sanda. Kusan kowa da abu ɗaya yake rufewa: don Allah kada a faɗi sunana.

Da aka zo kan wanda zai yi magana, aka fara zamewa. Injiniya ta ce in ita ce, za a ce ga digiri, ina matsalar. Direba ya ce iyayen yara za su ji. Kafinta ya ɗaga hannu, kowa ya ce a'a a tare.

Sai Direba ya nuna ni. "Anti ce. Ina jin ta tana karanta wa yara labari, har ni sai in ƙi tayar da mota."

Ban gaya masa ba karantawa nake ba. Ai ya sani.

Na ce to. Madam ba ta zuwa irin wuraren nan, zan ce mata asibiti za ni.

Talata, bayan cin abincin yamma

Auta ce ta rubuta jawabin. Muka zauna a tabarma kamar da, tana karantawa ina bi. Haka muka yi tun muna yara. Ta girme ni a karatu duk da na girme ta a haihuwa. Kafin a kira ni in karanta a aji, ta riga ta karanta mini shafin a gida, ta nuna mini inda zan numfasa da inda zan juya takarda. Har kuskure ɗaya take sa mini, ƙarami, don kada malami ya yi zargi.

Yau ma ta ce, "Yaya, a nan ki ɗan tsaya, ki ɗaga ido ki kalle su, sannan ki mayar kan takarda."

Sau uku ta karanta, na haddace tas. Ta tafa cinya ta ce, "Wannan kan naki, da a jikin wani yake da yanzu minista ne."

Na ji daɗi. Ƙarya zan yi in na ce ban ji ba.

Laraba, da yamma

Na gwada a shagon Kafinta, takarda a hannu. Da na gama aka tafa. Kafinta ya ce wallahi kamar a rediyo. Injiniya ta rungume ni. Gobe ne.

Alhamis, da yamma

An tafa mini.

Juma'a, bayan tashi daga aiki

Na je aiki, na dawo. Mai jan zare yana fitar da haƙori, ya wuni a bayana.

Asabar, da yamma

Ban je shagon ba. Saƙonni sun taru, ban saurari ko ɗaya ba. Auta ta zo, na ce mata kaina ke ciwo. Wannan karon da gaske ne.

Lahadi, da rana

To, bari in faɗa, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Zauren yana da dogon teburi, 'yan kwamiti a baya, kowa da ruwan roba a gabansa. Aka kira ni. Na riƙe takardar Auta, na fara. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Idona yana bin layi, na numfasa inda aka ce, na ɗaga kai inda aka ce, na juya shafi daidai kan gaɓa. Ina faɗa musu yadda karatu yake mana wuya, da murya mai santsi kamar ta mai labarai.

Shugaban kwamitin, dattijo mai fara'a, ya ce, "Madalla, Malama. Wallahi karatunki ya fi na wasu a teburin nan." Aka yi dariya, aka tafa.

Sai wata 'yar kwamiti mai farin mayafi ta jawo makirufo. Ba da mugunta ta yi tambayar ba, shi ya fi ci mini rai. Ta ce, "Ni dai ban gane ba. Idan mai lalurar ce take karatu haka, mene ne abin gyara doka?"

Amsar tana bakina. In ce haddacewa na yi, ko kalma ɗaya ban karanta ba. Amma idanu sun yi mini yawa, kuma yanzun nan aka gama yabona. Na tsinci hannuna a cikin jaka yana laluben gidan tabarau. Kafin in dawo hayyacina, an ce lokaci ya cika.

Sakatariyar ta gaya wa Injiniya abin da aka rubuta a kan kokenmu: ba a ga hujja ba.

Talata, da rana, yara suna barci

Ɗazu lokacin labari na ɗauko littafin zomo, na buɗe, na fara. A tsakiya na lura da yatsana yana bin layi, yana tafiya daidai da muryata, alhali idona a kan hoton yake. 'Yan shekara biyu nake yi wa wannan wasan. Waɗanda ba su san ko a kife littafin yake ba.

Wa nake ɓoye wa a nan?

Laraba, da yamma

Na je shagon. Na shirya a wanke ni tas, kuma Kafinta bai ba ni kunya ba. Ya yi ta faɗa har ya buga guduma a benci.

Injiniya ta ce, "Kawu, tsaya. Ranar da ta gwada a nan, wa ya ce kamar a rediyo?"

Ya ajiye gudumar, ita kuma ta ci gaba.

"Wa a cikinmu ya ce mata kada ta haddace? Ni na rungume ta ma. Duk wanda aka tura cikinmu, abin da zai yi ke nan. Ba mu san wata hanyar tsayawa gaban mutane da takarda ba."

Direba yana jujjuya makullin mota a hannu. Ya ce, "Mun je neman a gan mu, sai muka tafi da kayan ɓuya."

Kafinta ya tashi ya kawo mini ruwa da kansa. Haƙurinsa ke nan, na karɓa.

Juma'a, da safe

Sakatariyar ta kira Injiniya. Wasiƙar ƙungiyar direbobi ta iso, ta likitan ma ta iso. Saboda su an yarda a ba mu ɗan lokaci a zama na ƙarshe, kafin ƙuri'a. Kaɗan ne, ta ce, kada mu ɓata shi.

Ta ƙara da cewa a wannan zaman masu gidajen reno ma za su turo wakiliya. Na tambaya ko wace ce. Da ma ban tambaya ba.

Asabar, da yamma

Injiniya tana so likita ya yi magana. Na ce likita zai faɗa musu da baki, ni ma da baki na faɗa musu. Sakatariya ta gaya mana tun farko, abin da suka gani suke yarda da shi.

Na faɗi abin da nake son yi. Direba ya ce, "Anti, Madam fa za ta kasance a wurin."

Na ce na sani.

Lahadi, bayan wanke-wanke

Mun yi faɗa da Auta. Tana wanke kwanuka ina ɗaurayewa na gaya mata. Ta saki soso a ruwa.

"Yaya, kin san me kike faɗa? Ki tsaya gaban manyan mutane kina in'ina kamar 'yar aji ɗaya? Ga Madam a zaune? Gobe iyayen yara su ji?"

"In ban yi ba, jarrabawar nan zan sake faɗuwa, aikin ya tafi. In na yi, wataƙila ya tafi. Wataƙila ta fi mini."

Yau na fara faɗin kalmar da bakina. Faɗuwa.

Ta ce, "Tun muna yara nake rufa miki asiri. Ko Baba ya rasu bai sani ba. Duk wannan a banza ke nan?"

Na ce ba a banza ba, da rufinta na kawo yau. Amma ya yi mini kyau har ya hana a ga inda nake ciwo. Ta yi kuka, ni ma na yi, kwanukan suka jira mu.

Na roƙe ta abu ɗaya. Na ce ta zo, ta zauna a gaba, amma ko na maƙale kada ta ba ni kalma. Ko da motsin leɓe.

Ba ta ce to ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Litinin, da rana

Sau biyu na je ƙofar ofishin Madam. Sau biyu na ce mata hoda ce ta kusa ƙarewa.

Laraba, da safe

Ban iya karyawa ba.

Alhamis, da yamma

Zan faɗa a jere, don kada in tsallake.

Zauren ya cika fiye da wancan karon. Madam tana gefen dama da jakarta a cinya. Da ta gan ni na miƙe, ta ɗaga gira. 'Yan ƙungiya suna baya. Auta ta zo. Tana layin gaba, ta haɗe rai kamar an aiko ta karɓar gawa.

Shugaba ya gane ni. Ya ce, "A'a, mai daɗin karatu ce ta dawo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wancan karon ban karanta muku komai ba. Ƙanwata ce ta karanta mini a gida na haddace. Yau ban zo da takarda ba. Ina roƙo a ba ni tambaya ɗaya daga cikin irin na jarrabawa, wadda kuka ga dama."

Suka kalli juna. Mai farin mayafi ce ta zaro takarda daga fayil, ta nuna mini layi da biro.

Na sa yatsa. Kalmar farko ta zo da sauƙi, ta biyu ma ta zo. Daga nan layin ya fara zamewa. Na koma baya. Na kama wata kalma, na faɗe ta, na ji ba ta zauna ba, na sake. Muryar da na ji tana fita ba ta mai labarai ba ce. Wata ƙaramar murya ce mai rawa, rabona da ita tun ina 'yar firamare. Wani ya yi tari. Wata kujera ta yi ƙara.

Sai na iso wata doguwar kalma, na tsaya cak. Na san farkonta, ƙarshenta ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Idona da kansa ya tafi wurin Auta, kamar yadda ya saba. Ta san kalmar, daga inda jimlar ta dosa kowa a zauren ya san ta. Ta sa haƙori ta danne leɓenta, ta kalle ni, ba ta motsa ba.

Shugaba ya ce a hankali, "Ya isa, Malama, mun gane."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gama ba. A ɗakin jarrabawa ba wanda ya ce mini ya isa."

Na koma kanta gaɓa-gaɓa. Maƙogwaro. Tambayar ita ce, idan abu ya maƙale wa jariri a maƙogwaro ya kasa kuka, mene ne abu na farko da za a yi. Layi biyu ne kacal. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma ruwan da ke gaban Shugaba ya ƙare.

Mai farin mayafi ta ce, "To, amsar fa?"

Na ce a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa, a bubbuga bayansa tsakanin kafaɗu.

Ta gyaɗa kai. Sannan ta yi tambayar da nake tsoro, kuma tana da gaskiyar yin ta. "Idan uwa ta kawo magani da rubutu a jiki fa?"

Na faɗi gaskiya. Na ce ina sa uwar ta faɗa mini da baki, in sa waya ta karanta mini kwalbar, in ɗaura zaren yaron a wuyanta. Na ce ban taɓa kuskure ba, amma da ina da bakin cewa wata ta duba mini, da ya fi. Ban kalli gefen dama ba.

Ina komawa kujera na ji motsi a baya. Direba ne ya miƙe. Ya ce, "Ni ma haka nake." Ba a ba shi izinin magana ba. Kafinta ya miƙe, gidan tabaransa ya faɗo daga aljihu ya buɗe a ƙasa, kowa ya ga ba komai ciki. Injiniya ta miƙe. Wasu sun miƙe, wasu sun zauna, ban ga laifinsu ba.

A baranda Auta ta same ni. Leɓenta ya fashe. Na ce, "Kin cika alkawarin da ba ki ɗauka ba."

Ta ce, "Kalmar tana nan a bakina, Yaya, kamar garwashi." Sannan ta ce, "Kin san ban taɓa jin kin yi karatu ba? Kullum kaina nake ji a bakinki. Yau na fara jin ki."

Juma'a, da rana

Madam ba ta ce mini komai ba. Ta amsa gaisuwa, ta shige ofis.

Litinin, da yamma

An amince. Da ƙyar, in ji sakatariya. Za a ba da mai karantawa ga duk wanda ya kawo takardar likita. Ƙarin lokaci da Injiniya ta so a saka daga baya, an ƙi. Kafinta ya turo saƙo mai tsawo yana ihu, a ƙarshe ya ce saura malaman firamare.

Layin ganin likitan ya yi tsawo. Masu cewa kada a faɗi sunansu duk ga su a benci, muna ta gaisawa.

Laraba, da rana, yara suna barci

Madam ta kira ni ofis. Ta ce daga yau duk magani ta hannunta zai bi, mu biyu za mu riƙa dubawa. Na ce daidai ne. Ta daɗe tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara, sannan ta ce, "Shekarun nan duk, ina ce kwalliya ce kike yi da zaren nan. Da kin gaya mini."

Na ce da na gaya mata ranar da na zo neman aiki, da ta ɗauke ni?

Ta ce in kawo takardar shaida, wurina yana nan.

Sannan ta gaya mini ɗayan. Magana ta kai ga iyaye. Yawancinsu ba su ce komai ba, uwar mai jan zare ma ta riƙe hannuna da safe. Amma uwar mai koren zare ta cire 'yarta. Ta ce ba ta da komai da ni, hankalinta ne bai kwanta ba.

Ban ji haushinta ba, 'yarta ce. Amma ya yi mini ciwo, ciwo sosai. Yarinyar ta fara kama bango tana miƙewa. Wata ce za ta ga takunta na farko.

Fidarta tana kan kantar ɗakin, sun manta da ita. Na kwance zaren, na rasa inda zan sa shi, sai na sa a gidan tabarau.

Asabar, da safe

Auta ta zo raka ni jarrabawa. Na ɗauki jaka, takardar likita tana ciki. A bakin ƙofa ta waiwaya, ta ga gidan tabarau a kan teburi.

"Yaya, kin bar wannan."

Na ce ta bar shi nan.

Asabar, da yamma

Wata malama aka ba ni, muka zauna a ƙaramin ɗaki, ga mai sa ido a gefe. Tana karantawa ina amsawa tana rubutawa. Tambayoyi biyu sun ba ni wuya, ɗaya ma ina jin na kauce. Sakamako sai mako mai zuwa.

Muna cikin yi ta juya takarda, sai ta tattara ta, ta rufe biro. Na ce mata ta ci gaba, ban gaji ba.

Ta ce, "Ai an gama, Anti. Ta ƙarshe ke nan."

Na roƙe ta ta nuna mini wurin. Ta buɗe, ta nuna. Rabin shafi ne, ƙasansa fari fat. Na daɗe ina kallo, har mai sa ido ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, ban taɓa kaiwa ƙarshen takardar jarrabawa ba ne.